Ɗan lodi ya ji ciwo a ƙugu, mako biyar yana gida: yaya za a dawo da shi bakin aiki?

Mai Kula da Sito

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana, musamman ma'aikatan lafiya da waɗanda suka san dokar ƙwadago.

A wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kano, ɗaya daga cikin 'yan lodi mai shekara 38 ya sunkuya ɗaga buhu mai kilo 50 daga ƙasa, sai ƙugunsa ya riƙe. Ciwon yana sauka ta ɗuwawu zuwa bayan cinyar dama, amma bai wuce gwiwa ba. Yana tafiya da ƙafarsa, fitsari da bayan gida lafiya lau. An ɗauki hoton ƙashi a asibiti aka ce babu karaya, aka ba shi magani da hutun mako 2, aka ƙara masa 2, yanzu ga shi an shiga na biyar. Takardar likita ba ta ce komai ba illa ya huta.

Shi yana so ya dawo saboda iyali. Manaja kuma ya ce ko dai ya dawo ya ɗauki buhu kamar kowa, ko a sallame shi a ɗauki wani. Shin a jira sai ya warke sarai? In za a dawo da shi, da wane aiki za a fara, kuma nauyin kilo nawa? Sannan me doka ta ce game da albashinsa da kuɗin asibiti?

Likitar Gashin Ƙashi

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba shi lafiya.

Wannan magana ta "sai ya warke sarai" ita ce ke ɓata yawancin irin wannan lamari. Ciwon ƙugu ba karaya ba ne da za a ce ran kaza ƙashi ya haɗe. Akasarinsa yana lafawa cikin mako 6, wanda ya taɓa jijiya ya sauka ƙafa kuma yakan ja zuwa mako 12, kuma ko bayan nan yana iya ɗan motsawa jefi-jefi. Mutumin da ke kwance a gida yana jiran ranar da ba zai ji komai ba, tsokar bayansa da ta cinyarsa ramewa suke yi, gaɓoɓinsa su sandare, tsoron sunkuyo ya shige shi. Duk makon da ya ƙara a gida, dawowar tana ƙara wuya. Mako biyar ya kai a tashi tsaye.

Amma kafin a sa ranar dawowa, a tabbatar babu ɗaya daga cikin waɗannan alamu. In fitsari ya riƙe ko yana zuba ba da saninsa ba, in bayan gida yana kufce masa, in matsematsinsa da wajen da yake zama a kai sun sage ba ya jin taɓawa, ko ƙafafu biyu suka fara rauni, wannan ba maganar gobe ba ce, a ranar za a kai shi babban asibiti, domin jijiyoyin ƙarshen laka ne suka matse, kuma jinkiri yana iya barin naƙasa. Haka in tafin ƙafarsa ya fara faɗuwa yana jan ta a ƙasa. In kuma akwai zazzaɓi, gumin dare, rama, ko ciwon da ba ya barinsa barci ko ta yaya ya kwanta, a duba tarin fuka na ƙashin baya, domin a ƙasarmu ba baƙon abu ba ne. Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano duk suna da sashen gashin ƙashi.

In babu ko ɗaya, kada a matsa sai an yi hoton MRI, wato hoton da ke nuna jijiyoyi da guringuntsi, tukuna. Mutane da yawa da ba su taɓa ciwon baya ba, in aka ɗauki hotonsu za a ga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya ɗan turo. Hoton yana da amfani in ana tunanin tiyata ko an ga alamar haɗari. In ba haka ba, sau da yawa tsoro kawai yake ƙara wa majiyyaci.

Abu na biyu, takardar likitan. "Ya huta" ba ta amfani kowa ba. Ku rubuta wa likita, a shafi ɗaya, abin da aikin ya ƙunsa: nauyin buhu, daga wane tsayi ake ɗauka zuwa wane tsayi, buhu nawa a awa, taku nawa ake yi da shi, awa nawa a rana. Ku haɗa da sauran ayyukan da ake da su a kamfanin. Sai ku roƙi likita ya amsa tambayoyi na zahiri: minti nawa zai iya tsayuwa, minti nawa zai iya zama, kilo nawa zai iya ɗauka, zai iya hawa tsani, zai iya tuƙi, kuma yaushe za a sake duba shi. Likita bai san sitonku ba. In ya ji "ɗan lodi" kawai, hutu zai rubuta, kuma ba laifinsa ba ne. A Birtaniya tun 2010 aka sauya takardar hutun rashin lafiya saboda wannan dalili, aka sa gurbin da likita zai ce mutum zai iya aiki in an rage masa awa, ko an sauya masa aiki, ko an gyara wurin, ko ya dawo mataki-mataki.

Ga misalin tsarin da za a iya farawa da shi, wanda zai duba shi ya ƙara ko ya rage. Mako 2 na farko, awa 4 a rana, kada ya ɗauki abin da ya wuce kilo 5, kada ya ɗauki komai daga ƙasa, kuma ya sauya tsakanin zama da tsayuwa duk bayan minti 20 zuwa 30. Mako na 3 da na 4, awa 6, kilo 10, daga tsayin gwiwa zuwa ƙirji kawai. Mako na 5 da na 6, cikakken yini, kilo 15, a fara koya masa ɗauka daga ƙasa da buhun da ba a cika ba. Daga nan a hau zuwa 20, zuwa 25. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda: in an ƙara awa, kada a ƙara nauyi a ranar.

Yadda za a gane ana tafiya daidai: ya auna ciwonsa daga 0 zuwa 10 da safe da kuma bayan tashi daga aiki. In ya hau da maki 1 ko 2 kuma ya sauka kafin wayewar gari, a ci gaba, ba ɓarna ba ce. In ya kwana ya wuni bai sauka ba, a koma matakin baya na kwana 3 ko 4, ba a koma gida ba. Amma in ciwon ya fara gangarawa ƙasa da inda yake, daga cinya zuwa ƙwauri ko tafin ƙafa, a tsaya a ga likita. Ciwon da ke barin ƙafa yana tattaruwa a ƙugu kuwa alamar sauƙi ce, ko da ƙugun ya ɗan ƙara zafi.

Tun yau ya fara tafiya a ƙasa, minti 10 sau 3 a rana, yana ƙarawa har ya kai minti 30 a jere.

Barista

Malam Mai Sito, kafin maganar sallama, akwai ranakun da doka ta ƙayyade, kuma ina tsoron wasu sun riga sun wuce.

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ita ce ta shafi wannan lamari, kuma hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ce ke tafiyar da ita. Mai kamfani yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa kowane wata, daga aljihunsa. Haramun ne a dokance ya cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Ba a tambayar laifin wa ne: ko shi ma'aikacin ne ya yi kuskuren sunkuyo, muddin a bakin aiki abin ya same shi, yana da haƙƙi. Dokar kuma ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi, da na ɗan lokaci, da ɗan koyo. Don haka cewa "ai ba ma'aikacin dindindin ba ne" ba ta fitar da kowa.

Ma'aikaci zai sanar da mai aiki cikin kwana 14, da sunansa, da rana da wurin da abin ya faru, da yadda ya faru. Mai aiki kuma zai kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Neman diyya ana shigar da shi cikin shekara 1, sai in akwai uzuri na musamman, a nan hukumar tana iya karɓa har zuwa shekara 3. In ma'aikacin bai rubuta komai ba a kwana 14 ɗin, ba shi ke nan ba: dokar ta ba da rangwame in ya tabbata cewa mai aiki ko wakilinsa ya san da abin, kamar a ce shugaban lodi yana wurin, ko motar kamfani ce ta kai shi asibiti. Amma yau ɗin nan a rubuta, a sa sunayen waɗanda suka gani, a adana katin asibiti da duk rasit, har da na kemis. In ba a kai rahoton kamfani ba, a kai yanzu. Makara ta fi fashi. Dokar masana'antu ma ta ce haɗarin da ya hana ma'aikaci aikinsa fiye da kwana 3 sai an sanar da sufeton masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dokar ba ta tsaya kan kuɗin diyya kaɗai ba. Ta ba hukumar damar ɗaukar nauyin magani da kayan taimako, da kuma kashe kuɗi wajen mayar da wanda ya ji rauni bakin aiki, har da koya masa wata sana'a in ba zai iya komawa tsohuwar ba. A tambaya a rubuce. In hukumar ta yanke hukuncin da ba a gamsu da shi ba, ana ɗaukaka ƙara gare ta cikin kwana 180, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Wurin da aka fi samun cikas shi ne tambayar wane ne mai aikin. 'Yan lodi da yawa ɗan kwangila ne ke kawo su, kamfani ya biya shi, shi kuma ya raba musu. In ciwo ya zo, kamfani ya ce ba nasa ba ne, ɗan kwangila ya ce bai taɓa jin NSITF ba. Ku duba takardar kwangilar ku ga wa aka ɗora wa rajista, kuma ko sunan wannan bawan Allah yana cikin jerin da aka miƙa.

Batun albashi. Dokar Ƙwadago ta wajabta biyan ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara in rashin lafiya ta hana shi zuwa kuma likita mai rajista ya tabbatar. Wannan shi ne mafi ƙaranci, kuma na rashin lafiya ta yau da kullum ne. Raunin bakin aiki hanyarsa ta diyya ce. In takardar ɗaukar aiki ko yarjejeniyar ƙungiya ta ba da fiye da haka, ita za a bi.

Sallama kuma, gaskiyar magana dokokinmu ba su tsara matakan dawowa filla-filla ba kamar Jamus, inda duk ma'aikacin da ya yi fiye da mako 6 yana jinya a cikin shekara, dole mai aiki ya gayyace shi a zauna a duba yadda zai ci gaba da aiki. Amma kada manaja ya ɗauka hakan ya sakar masa mara. Tun gyaran tsarin mulki na 2010 Kotun Ma'aikata take da hurumin duba ƙa'idojin ƙwadago na duniya, kuma a cikinsu akwai cewa rashin zuwa aiki na ɗan lokaci saboda ciwo ko rauni ba dalilin kora ba ne. Wanda ya kori mutum mako biyar bayan ya ji ciwo a sitonsa, bai kai rahoto ba, bai gwada ba shi wani aiki ba, zai sha wuya wajen kare kansa.

Ƙari ɗaya: manaja yana da haƙƙin sanin abin da mutumin zai iya da wanda ba zai iya ba. Ba shi da haƙƙin ganin fayil ɗinsa na asibiti sai da yardarsa.

Mai Kula da Sito

Na gode Likita, na gode Barista, Allah ya saka da alheri. Rajista kamfani ne ya yi, kuma sunansa yana ciki, amma rahoto ba a kai ba. Za a kai.

Inda gizo ke saƙa shi ne manaja zai ce babu aiki mara nauyi a sito. Abin da ake ta ambata shi ne shara ko gadi. Sun dace? Wasu kuma sun ce a saya masa bel ɗin ɗaure ƙugu ya koma lodi kawai.

Injiniya

Malam, shara da gadi su ne mafi munin zaɓi, kuma su kowa ke fara kawowa. Shara da gajeriyar tsintsiya sunkuyo ne na awa da awa. Kwashe buntu da shebur ya fi ta muni, domin ya haɗa sunkuyo da murɗa ƙugu da jifa. Gadi kuma zama ne a kan benci mara jingina na awa 12, sannan ya raba shi da abokan aikinsa. Tuƙa motar ɗaga kaya ma kada a fara da shi, girgiza da waiwaye suna tayar da ciwon.

Ku zaga kamfanin da takarda da biro, za ku ga aikin yana nan, an dai rarraba shi ne a hannun mutane da yawa. Tsayuwa a sikeli da rubuta nauyi. Ƙidayar buhu a bakin mota. Auna laimar shanshera in an kawo, a tabbatar ba ta wuce kashi 14 cikin 100 ba kafin a jibge. Ɗinke bakin buhu, da sharaɗin a rataye keken ɗinkin daga sama kada ya riƙa ɗaukar nauyinsa a hannu, kuma wani ne zai janye buhun. Buga lamba da kwanan wata. Duba buhunan da suka yage. In akwai layin ƙananan leda na kilo 5 da 10, waɗannan su ne matakan nauyin da Likita ta zana, a shirye. In aka haɗa uku daga cikin waɗannan, an samu aikin awa 4 na gaske, wanda yake da zama da tsayuwa da tafiya, ba aikin ganin ido ba.

Bel kuwa, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta duba shi tun 1994, ba ta samu hujjar cewa yana hana rauni ba. Illarsa ita ce yana sa mutum ya ji kamar ya samu kariya, ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa.

Yanzu bari in taɓo abin da ba a tambaya ba. In aka bi tsarin Likita har ƙarshe, sannan aka mayar da shi inda ya fito ba a sauya komai ba, za a sake dawowa nan. Tirela tana ɗaukar buhu 600 masu kilo 50, wato tan 30. In mutum 6 ne suka loda ta, kowa ya ɗaga tan 5 a mota ɗaya. Ma'aunin da wannan hukuma ta Amurka ta fitar ya sa kilo 23 a matsayin iyaka, shi ma sai in kayan yana manne da jiki, yana tsayin kusan santimita 75 daga ƙasa, babu murɗawa, kuma ba a kai a kai ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da ya ɓaci, iyakar sauka take yi.

Dalilin yana cikin lissafi. Tsokar baya tana ja ne daga tazarar kusan santimita 5 daga ƙashin baya. In buhu mai kilo 50 yana nesa da ƙugu da santimita 50, kamar yadda yake in an sunkuya an miƙa hannu, tsokar sai ta ja ninki 10, kwatankwacin kilo 500, ban da nauyin gangar jikin mutum. Shi ya sa layin ƙasa na jibga da layin da ya wuce kafaɗa su ne masu karya mutane, ba na tsakiya ba.

Gyaran da ba ya cin kuɗi sosai: a ɗaga layin ƙasa ta hanyar jera katakon ɗora buhu 3 ko 4 a ƙarƙashi, kowanne kusan santimita 15 ne, sai buhun farko ya zo wajen gwiwa zuwa cinya. A bar fili ta kowane gefe yadda mutum zai matso jikin buhu maimakon ya miƙa. Duk buhun da za a ɗaga daga ƙasa ko a ɗora wa wani a ka, mutum biyu su kama, ɗaya yana ƙirga. Tsakanin sito da mota a yi amfani da amalanke, a tura ta kada a ja, a riƙa duba iskar taya, domin taya mara iska tana ninka wahalar. Katakon da ake hawa mota da shi ya zama mai faɗi, mai sanduna a giciye, an ɗaure shi sama, ba mai lilo ba. A share tsabar shinkafa daga hanya kafin lodi, santsinta ya kayar da mutane da yawa da buhu a ka. In akwai hali, a gina dakali daidai tsayin bayan mota, ko a sayi bel mai inji da ke hawa da buhu. Wannan shi ne ke raba mutane da katako gaba ɗaya.

Ɗan Ƙwadago

Likita da Injiniya sun yi bayani mai kyau, amma akwai abin da in ba a warware shi ba, duk tsarin a takarda zai tsaya: yadda ake biyan 'yan lodi.

Yawancinsu a kan buhu ake biyansu, ko a kan mota, a raba da yamma. Ranar da aka mayar da mutum sikeli, kuɗin lodi ya yanke. Zai yi kwana biyu, ya ga abin da zai kai gida bai kai rabin na da ba, a rana ta uku zai ce ya warke. Ba ƙarya yake so ba, cefane ne ya tilasta masa. Zai sha magani ya shiga layi, kuma babu wanda zai sani sai ya sake faɗuwa. Don haka a lissafa matsakaicin abin da yake samu a wata 3 kafin ciwon, kamfani ya tsaya masa a kan haka ko kusa da haka na tsawon tsarin. Kuma daga kamfani kuɗin zai fito, ba daga kason abokansa ba. In aka bar sunansa a rabo alhali ba ya ɗauka, mutum 5 suna yin aikin 6, ba za a yi mako ba sai an fara yi masa habaici, shi kuma kunya ta sa ya koma ɗauka. A kawo wanda zai cike gurbinsa na wucin gadi.

A rubuta yarjejeniyar da Hausa, shafi ɗaya: ranar farawa, awa, aikin kowane mako, iyakar nauyi, kuɗi, ranar sake zama, da sunan mutum ɗaya da zai kai wa kuka. Shi da shugaban lodi da manaja su sa hannu. Shugaban lodi shi ne ginshiƙi, domin shi ne zai ce "ɗan kama mana wannan ɗaya" ranar da motoci uku suka yi layi. A gaya masa a fili cewa iyakar ba ta da ranar hutu.

Inda na ɗan saɓa da Likita shi ne saurin dawowa. A inda ake da amana, haka ne. Amma akwai wuraren da ake kiran mutum ya dawo don kawai a ce ya warke, a rufe maganar diyya. Kada ya sa hannu a kan kowace takarda da ta ce ya warke ko ya yafe haƙƙinsa.

Barista

Yallaɓai Ɗan Ƙwadago, wannan tsoro yana da tushe, amma dokar ta rufe ƙofar: duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da mai aiki cewa ya yafe diyyarsa, ba ta da ƙarfi a doka. Dawowa aiki mara nauyi kuma ba ya soke neman diyya. Abin lura dai shi ne takardar ta ce "ya dawo da sharuɗɗan likita", kada ta ce "ya warke".

Likitar Gashin Ƙashi

Na yarda da gyaran Yallaɓai, dawowa da wuri sai da sharuɗɗa a rubuce. Kuma maganar da ya yi ta shan magani a shiga layi tana buƙatar a buɗe ta.

A tambaye shi, cikin sirri ba a gaban jama'a ba, me yake sha. Tiramadol yana rufe ciwo har mutum ya wuce iyakarsa bai sani ba, yana kawo jiri da gyangyaɗi kusa da inji, yana kama jiki, kuma da yawansa yana iya jawo farfaɗiya. Diklofenak da ibuprofen dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya ƙara haɗarin gyambon ciki da ciwon ƙoda, balle ga mai aiki cikin zafi yana gumi bai sha ruwa sosai ba. Haɗin da ake ƙullawa a leda ba a san me ke ciki ba, a bar shi. Magani ɗaya da likita ya rubuta, bayan an ci abinci, na ɗan lokaci.

Sannan a duba abin da ke wajen kamfani, domin sau da yawa can ne tsarin ke lalacewa ana ɗora wa aikin laifi. Tafiyar minti 40 a bayan babur kan hanya mai ramuka tana iya cinye duk sauƙin da aka samu a yini. In zai yiwu, a sa awanninsa su kauce wa cunkoso, ko ya sauka kafin ya iso ya ƙarasa da ƙafa. Jan ruwa a rijiya da ɗaukar jarka mai lita 25 su ma iyakar nauyin nan ta shafe su, jarkar kilo 25 ce. Alwala ya yi ta a kan kujera, ya ɗora ƙafa a kan wani abu maimakon ya duƙa. Salla in ruku'u yana tayar da ciwon, ya yi a zaune na ɗan lokaci, addini ya ba da wannan sauƙi, sannan ya koma tsayuwa da zarar ya iya, domin shi kansa motsin yana taimakawa. Rabin awa na farko bayan tashi daga barci shi ne lokacin da baya ya fi ƙin sunkuyo, kada ya fara ranarsa da ɗaukar kaya.

Ku sa ran ciwon zai motsa sau ɗaya ko biyu a cikin makonnin nan, galibi a makon da aka ƙara nauyi. Ku faɗa masa haka tun kafin ya faru, ku faɗa wa manaja ma, don kada ranar ta zo a ce tsarin ya gaza. In an kai mako 12 daga ranar ciwon bai iya wuce kilo 10 ba, ko ciwon ƙafar yana nan daram, lokacin ne za a koma wa likitan ƙashi, a yi maganar hoton MRI, kuma a fara tunanin ko sikeli ko ɗinki za su zama aikinsa na dindindin. Buhu mai kilo 50 daga ƙasa shi kaɗai kuwa, ko ya kai ƙarshen tsarin lafiya, ban ba da shawarar ya koma masa ba sai an yi gyaran da Injiniya ya lissafa, aƙalla ɗaga layin ƙasa da kamun mutum biyu.